Kafin mu sayi klim: kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

Duk shekara, da zarar Maris ya raba, hirar ƙungiyoyinmu kan koma kan zafi. A Afirilu da Mayu zafin kan haura digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, wasu ranakun har ya kusanci 45. Tsofaffi ba sa barci, jarirai na kuka dare farai, mai ɗinki da mai gyaran gashi kuwa suna kallon masu zuwa wurinsu na raguwa daga azahar zuwa la'asar. Shi ya sa maganar klim ta fara shigowa taron mako: wata na son ta saya da kuɗin rabon asusu, wata na neman bashi don shagonta.

Wanda aka fi nema yanzu shi ne mai gida biyu, wanda ƴan kasuwa ke kira siflit: rabi a maƙale a bangon ɗaki yana hura sanyi, rabi a waje yana fitar da zafi, bututun jan ƙarfe biyu sun haɗa su. Ya fi tsohon na taga shiru, kuma akwai masu sauƙin kuɗi da yawa a kasuwa, irin su Hisense, Midea, TCL, Haier da Gree. To amma kuɗin da mai kanti ya faɗa miki farkon lissafi ne kawai. Akwai kuɗin sakawa, akwai faktir ɗin wuta kowane wata, akwai gyara. Mun tattaro abin da ya kamata mace ta sani kafin ta zare kuɗinta.

Ƙarfin inji da girman ɗaki

A kasuwanninmu ana auna ƙarfin klim da doki. A jikin kwali kuma za ki ga wata lamba da haruffan BTU. Doki ɗaya shi ne BTU 9000, doki ɗaya da rabi 12000, doki biyu 18000. A ƙiyasi, doki ɗaya na ɗakin da bai wuce mita 3 da 4 ba ko ya ɗara kaɗan, ɗaya da rabi na ɗakin mita 4 da 5, doki biyu na falo ko shagon mita 5 da 6. Ki auna ɗakinki kafin ki je kanti, kada ki bar mai sayarwa ya yi miki kintace.

Rufin ɗakin ma abin dubawa ne. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana riƙe sanyi. Ɗakin siminti mai rufin kwano ba fulafon kuwa tanda ne, zafin rana na sauka kai tsaye, injin ya yini yana gudu bai kai ga sanyaya shi ba. Wadda ɗakinta haka yake, ta fara sa fulafon, ta toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, ta sa labule mai kauri a ɓangaren yamma. Sau da yawa wannan kaɗai kan sa doki ɗaya ya wadatar inda da sai ɗaya da rabi. Wanda ya yi wa ɗaki ƙanƙanta wahala yake sha har ya mutu da wuri. Wanda ya yi masa girma kuma asarar kuɗi ne tun daga kanti, ga yawan tashi da mutuwa da ke gajiyar da inji.

Haruffa biyu da ya kamata mu nema: T3

A gefen injin waje akwai ƴar takarda a manne mai bayanin na'urar. A nan ake rubuta irin yanayin da aka ƙera ta domin shi. T1 na ƙasashen da zafinsu bai wuce digiri 43 ba ne. T3 an yi shi ya jure har 52, wani lokaci a rubuta Tropical a jikin kwalin. Ku tuna injin wajen yana jingine da bango mai zafi, iskar da yake shaƙa ta fi wadda ake faɗa a rediyo zafi. Mai T1 zai yi aiki lafiya lau a Nuwamba, amma ranar da aka fi bukatarsa, ƙarfe uku na rana a Afirilu, sai sanyinsa ya ragu ko ya riƙa ɗaukewa da kansa. Mafi yawan na hannu da ake kawowa daga Turai T1 ne, don can aka yi su. Ki ce wa mai kanti ya nuna miki takardar da idonki.

Mai inbata ko na gargajiya?

Nan ne gardama ta fi yawa. Na gargajiya injinsa na tashi da ƙarfinsa duka, in ɗaki ya yi sanyi ya mutu, in ya ɗumama ya sake tashi. Wanda aka rubuta wa Inverter kuwa, da ɗaki ya yi sanyi sai ya rage gudu ya ci gaba a hankali, shi ya sa ya fi ƙarancin cin wuta. Ya fi tsada a kanti. Ko tsadar za ta biya kanta, wannan ya dogara da yawan awoyin da za a kunna shi.

Bari mu yi lissafi kamar yadda muke yi a littafin asusu. Doki ɗaya da rabi na gargajiya na cin wajen kilowat ɗaya a awa in yana gudu. Awa 8 kowane dare, kwana 30, ya kama kilowat 240 a wata. Mu ɗauki kilowat a sefa 100 don sauƙin misali kawai, ke ki duba farashin gaskiya a faktir ɗinki. Kin ga jika 24 ke nan a wata, ban da fitila da firigo da talabijin. A ce mai inbata ya rage miki kashi ɗaya cikin huɗu, jika 6 a wata. A ce kuma ya fi wancan tsada da jika 60. Sai an yi wata 10 ana amfani da shi kafin ya maido bambancin. Mai shagon da ke kunnawa wata takwas a shekara, cikin shekara da ƴan watanni ta fanshe. Wadda ke kunnawa watanni huɗun zafi kawai, sai shekara biyu da rabi. Kada a manta kuma farashin NIGELEC hawa yake mataki-mataki: in cin wutar gida ya ƙaru, kuɗin kilowat ɗin da ke sama ma ƙaruwa yake. Mai kontar kati za ta ga haka tun makon farko.

Mai inbata na da wata fa'idar: yana tashi a hankali, ba ya fisgar wuta, don haka ya fi dacewa da mai sola ko ƙaramin gurup. Na gargajiya a lokacin tashi yakan ja ninki uku ko fiye na abin da yake ci yana gudu, shi ne kike ganin fitila ta dushe. Rauninsa kuwa, mai inbata yana da kart na lantarki a ciki da ba ya son wuta mai hawa da sauka. In ya ƙone gyaransa da tsada, kuma ba kowane mai gyara ya iya shi ba. Duk wadda za ta saye shi ta sa kuɗin regilatar a lissafi tun farko. Mun ga yadda wuta ta yi daga Agustan 2023, lokacin da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya, har zuwa Maris na 2024 da aka maido shi. In wuta ta ɗauke, a kashe klim daga bango, in ta dawo a jira minti uku zuwa biyar kafin a kunna.

Mai ɗumama ɗaki fa?

Wasu na yin aiki biyu, sanyi da ɗumi. A telekomand ɗinsu za ki ga alamar rana. Dabarar ita ce injin na juya aikinsa, ya kwaso ɗumi daga waje ya shigo da shi ɗaki, kuma ya fi na'urar ɗumama ɗaki mai waya ƙarancin cin wuta nesa ba kusa ba. Amma sanyinmu na kudu makonni ne a Disamba da Janairu, bargo da rigar sanyi sun isa yawancin gidaje. In mai sanyi kaɗai ya fi arha, shi za mu ɗauka, bambancin a sa shi a regilatar. In akwai tsoho ko maras lafiya a gida kuma farashin ya yi kusa, mai aiki biyun na da amfani, don ya fi kaskon gawayi aminci. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Da klim ko babu, kada a kwana da kasko a ɗaki.

Na hannu da maganar gas

Na hannu, wato okaziyo, yana da arha, amma Hausawa sun ce arha ba ta ado. Abin dubawa na farko irin gas ɗinsa, shi ma yana rubuce a takardar nan. Tsofaffi da yawa R22 suke sha, wanda duniya ta amince a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe irin namu kuma wa'adinsu 2030 ne. Ma'ana samunsa zai riƙa wuya. Sababbi R410A ko R32 suke amfani da shi, kuma ba a haɗa wani da wani. Wadda ta ga lallai sai na hannu, ta je da mai gyaranta, a haɗa shi a kunna a gabansu ya yi rabin awa.

Wani abin da mata da yawa ke asara a kai: gas ɗin klim ba man mota ba ne, ba ya ƙarewa da aiki. In an ce miki gas ya ƙare, to akwai inda yake yoyo. In aka ƙara ba a toshe wurin ba, baɗi ma za ki sake biya.

Mai sakawa

Inji mai kyau a hannun mai sakawa maras kula ya zama maras kyau. Kafin a yi ciniki ki tambaye shi ko yana da famfon zuƙe iska daga bututu, don iska da laimar da aka bari a ciki su ke rage sanyi su kashe inji. Bututun ya zama jan ƙarfe, a naɗe shi da soso har ƙarshe. Injin waje a inuwa, inda iska ke wucewa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan damina da awaki da yara. Tiyon ruwa ya gangara waje, ki ajiye bokiti ki samu na ban ruwan shuka. A ja masa wayarsa daban mai kauri da nasa dijontar, kada a soka shi a rallonj tare da firigo. A duba ƙarfin kontar gidan kuma: mai kilowat 3, in klim da dutsen guga da abin dafa ruwa suka haɗu, wuta za ta riƙa faɗuwa.

A kanti ki karɓi rasit da takardar garanti mai hatimi, ki tambayi wata nawa ne, me ya ƙunsa, wa zai zo in ya lalace. Sunan da masu gyaran garinku suka sani kuma ake samun kayansa a kusa ya fi baƙon suna da ya fi shi arha da jika goma.

Bayan an saka, sauran aikin namu ne. Lokacin hunturu a zare rariyar ciki a wanke kowane mako biyu, a kira mai gyara ya wanke injin waje sau ɗaya kafin zafi. A ajiye shi a 26 a haɗa da fanka. Sa shi a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, faktir kawai yake kumburawa.

Da wane kuɗi?

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙa'idar bashin asusu ba ta sauya ba: na ɗan gajeren lokaci ne, abin da aka saya da shi ne ya kamata ya biya shi. Klim ɗin ɗakin kwana ba ya shigo da ko dala, sai ma ƙarin faktir. Wadda ta ci bashi dominsa za ta haɗu da biya biyu a wata ɗaya, in ta kasa kuma kuɗin ƴan uwanta ne suka maƙale. Irin wannan a jira rabo, ko a buɗe adashe na musamman tun bayan damina, a saya a saka lokacin sanyi da masu sakawa ba su da cunkoso. Na shago daban ne, amma shi ma sai an amsa tambaya ɗaya a gaban ƙungiya: kai nawa za a ƙara gyarawa, ko ɗinki nawa za a ƙara, kafin a fitar da jika 24 na wuta da kuɗin zubi?

In lissafin bai fita ba, babu abin kunya. Fanka ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na wutar klim. Na'urar nan mai ruwa da ake kira imidifikatar ita ma cinta kaɗan ne, kuma a busasshen zafin Maris zuwa Mayu tana aiki sosai in an bar taga a buɗe, sai dai da damina ta kankama iska ta yi laima amfaninta ya ragu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wadda ta yanke shawarar saye, ta rubuta abu biyar a takarda ta kawo taro: girman ɗaki, farashin inji, kuɗin sakawa da regilatar, kuɗin wuta na wata, da sunan mai gyaran da zai riƙe mata shi. A karanta a gaban kowa, waɗanda suka riga suka saya su faɗi abin da suka gani. Allah ya ba mu sauƙin bazara, ya sa albarka a asusunmu.