Yadda Koke Ke Zama Fafutuka

A ranar 2 ga Maris 1955, a birnin Montgomery da ke jihar Alabama ta Amurka, wata ɗaliba baƙar fata mai shekara 15, Claudette Colvin, ta ƙi tashi daga kujerarta a cikin motar bas don wata Baturiya ta zauna. 'Yan sanda suka fito da ita da ƙarfin tsiya, suka kai ta caji ofis. An yi ta tsegumi a gidaje da coci-coci na 'yan makonni, daga nan ƙura ta lafa. Bayan wata tara, ranar 1 ga Disamba, wata mai sana'ar ɗinki 'yar shekara 42, Rosa Parks, ta yi daidai abin da yarinyar ta yi, a gari ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya. A wannan karon baƙaƙen fatar garin suka ƙaurace wa motocin bas har kwana 381. Ba su koma ba sai da kotun ƙolin Amurka ta tabbatar cewa raba kujeru bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

Wulaƙancin da aka yi a Maris shi ne aka maimaita a Disamba. To me ya sa na farko ya tsaya a koke, na biyu ya girgiza ƙasa? Wannan ce tambayar da masana zamantakewar al'umma suka shafe shekaru suna bin diddiginta. Lauya yana duba abin da doka ta ce game da haƙƙin ɗan Adam, malamin falsafa yana tambayar daga ina haƙƙin ya samo asali. Shi kuwa masanin zamantakewa abin da ya dame shi shi ne su wa suka tashi suka nema, da me suka dogara, kuma wa ya biya kuɗin mota.

Masana na farko ba su yi wa masu zanga-zanga adalci ba. Gustave Le Bon, wani Bafaranshe da ya yi rubutu a 1895, yana ganin mutum in ya shiga taro hankalinsa gushewa yake yi. Wannan fahimta ta yi wa masu mulki daɗi, har yau kuma ita ake ji a duk lokacin da wani jami'i ya ce zauna-gari-banza ne aka zuga. A 1970 Ted Gurr ya zo da bayanin da ya fi wannan mutunta mutane: tawaye yana tasowa ne in tazara ta yi faɗi tsakanin abin da jama'a suke ganin sun cancanta da abin da ke isowa hannunsu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta bar giɓi. Duniya cike take da wuraren da tura ta kai bango tun tuni, ba a kuma ji ko motsi ba.

A 1977 John McCarthy da Mayer Zald suka karkatar da hankali zuwa wani wajen. Suka ce ɓacin rai ba ya yankewa a kowace al'umma, abin da ke ƙaranci shi ne kayan aiki: kuɗi, wurin taro, amintattun shugabanni, hanyar isar da saƙo, da mutanen da suka riga suka san juna. Aldon Morris, wanda ya binciki fafutukar baƙaƙen fatar Amurka ya wallafa littafinsa a 1984, ya nuna yadda wannan ya kasance a Montgomery filla-filla.

Rosa Parks ba gajiya ce kawai ta zaunar da ita ba, kamar yadda ake koya wa yara. Tun 1943 take sakatariyar reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, tana rubuta ƙorafe-ƙorafen waɗanda aka ci zarafinsu, kuma 'yan watanni kafin a kama ta ta halarci horo a makarantar Highlander da ke Tennessee. A daren da aka kama ta, wata malamar kwaleji mai suna Jo Ann Robinson, shugabar wata ƙungiyar mata da ta daɗe tana shirin irin wannan rana, ta kwana tana buga dubban takardun kira ga ƙauracewa, washegari aka raba su a makarantu da shaguna. Fastoci suka sanar a ranar Lahadi. Da aka fara, sai babbar matsala ta bayyana: yawancin masu shiga bas ɗin 'yan aikin gida ne da lebarori, in ba su je aiki ba babu abin sawa a tukunya. Aka tsara motoci kusan 300 na masu sa kai, da tashoshin ɗauka da saukewa. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna sayar da abinci suna kai kuɗin wajen taro don a sayi mai. Wannan aikin na bayan fage, wanda ba ya shiga hoto, shi ya riƙe mutane fiye da shekara. Kuma Claudette Colvin da aka tsallake a Maris, tana cikin mata huɗun da aka shigar da ƙarar da ta kashe dokar da sunansu.

Doug McAdam, a 1982, ya ƙara da batun dacewar lokaci. Noman auduga da ya ɗaure baƙaƙen fata a gonakin kudu ya ja baya, miliyoyinsu sun yi ƙaura zuwa biranen arewa inda ƙuri'arsu ke da daraja, ga kuma yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet ya sa wariyar launin fata ta zama abin kunya ga Amurka a idon ƙasashen Afirka da Asiya masu neman 'yanci. Ƙofa ta ɗan buɗe, aka kuwa samu waɗanda suka shirya shiga.

Akwai abu na uku, kuma a nan ne tarihin ƙasar Hausa yake da abin koyarwa. David Snow da Robert Benford sun lura cewa dole a faɗa wa mutane matsalarsu da harshen da zai sa su daina ganinta a matsayin ƙaddara, su gan ta a matsayin zalunci mai mai shi, wanda kuma za a iya kawarwa. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi wannan tun kafin masanan su rubuta. Kusan shekara biyu ke nan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙin ɗan Adam a birnin Paris, ranar 10 ga Disamba 1948, amma ba da sassan wannan kundi Malam Aminu Kano da abokansa suka shiga ƙauyuka ba. Sun yi maganar haraji da jangali, da aikin tilas, da yadda dagaci ko ɗan doka ke wulaƙanta magidanci a gaban iyalinsa. Sun raba duniya gida biyu, talakawa da masu sarauta, suka kira abin da suke nema sawaba. Mafi ƙarfi duka, sun kafa hujja da rubuce-rubucen Shehu Usman Ɗanfodiyo da ɗan'uwansa Abdullahi a kan adalcin shugaba, ta yadda ba a iya cewa baƙon ra'ayi suka shigo da shi. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin suka sa saƙon a baka, teloli da 'yan koli da ƙananan malamai suka yi ta yawo da shi kasuwa-kasuwa.

Sun ɗanɗana kuɗarsu. Kotunan En'e sun yi ta ɗaure su, an yi musu bulala, an kori wasu daga garuruwansu. A zaɓen 1951 sun taɓuka abin kirki a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa nata mutanen, ya tace su kafin a kai majalisa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shiga jam'iyyar tana 'yar shekara 17, ta shiga kurkuku fiye da sau goma saboda ta dage sai matan Arewa sun yi zaɓe. Ta je har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ƙungiyarta ta matan kasuwa ta tilasta wa Alake, sarkin garin, sauka daga karaga a 1949 kan batun haraji, don ta ga yadda ake haɗa kan mata.

In da kujerun majalisa ake auna nasara, NEPU ta faɗi, domin ba ta taɓa kafa gwamnati a Jihar Arewa ba. Masanin zamantakewa yana da wani ma'aunin. Matan Arewa, da aka hana su zaɓen 1959 alhali takwarorinsu na Kudu sun yi, sun samu ƙuri'a a 1976. A 1979, gwamnatocin PRP, magajiyar NEPU, na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali da hawansu mulki. Tsakanin kafa NEPU da wannan rana shekara 29 ne, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa bulala ba su ga ranar ba. Abin da ya fi wuyar ƙidayawa shi ne sauyin da aka samu a zuciyar talaka, wanda ya gane cewa yana iya tsayawa gaban hakimi ya ce bai yarda ba.

Rubuta haƙƙi a takarda mataki ɗaya ne, isarsa ga mai shi wani dogon zango ne daban. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka a dokarta a 2003, bayan matsin lambar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. Duk da haka Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana 'yar shekara 12 kan jaka 240 na sefa a yankin Birnin Ƙonni, tana nan a gidan wanda ya saye ta a matsayin wahaya, wato ƙwarƙwara, har 2005. Da ya ba ta takardar 'yanci sai ya ce ai matarsa ce. Ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida da laifin aure kan aure. Dokar ƙasa tana gefenta, amma alƙali da maƙwabci da mai gari duk sun saba da tsohon tsari, kuma wannan sabo shi ke mulki a ƙauye. Sai da 'yan Timidria, waɗanda suka san harshen ƙauyen kuma suka san harshen lauyoyi, suka haɗa ta da masu ɗaukar ƙara zuwa kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008, a zamanta na Yamai, kotun ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Masaniyar al'adu Sally Engle Merry ta yi dogon nazari kan irin waɗannan 'yan tsakiya, masu ɗauko abin da aka rattaba a Geneva su mai da shi maganar da za a fahimta a zaure. Su ne aka fi mantawa da su in ana rabon yabo, alhali ba don su ba dokar 2003 da ba ta san hanyar gidan ba.

Ba duk masana suka yarda cewa tsari shi ne komai ba. Frances Fox Piven da Richard Cloward sun yi gargaɗi a 1977 cewa talaka ya fi samun biyan buƙata a lokacin da ya tsayar da al'amura cak, kuma da zarar ƙungiya ta samu ofis da ma'aikata da masu ba da tallafi, kaifinta yakan dushe. Duk wanda ya ga yadda wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu suka koma taron otal da rabon alawus ya san gargaɗin bai tsufa ba.

Zamanin wayar hannu ya juya matsalar. Zeynep Tufekci, masaniya 'yar asalin Turkiyya, ta nuna a 2017 cewa intanet yana tara dubban mutane cikin kwana biyu, aikin da a da yake cin shekaru, amma waɗancan shekarun su ne ke koya wa mutane yanke shawara tare da jure wa matsi. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020 a Nijeriya ta gwada ɓangarorin biyu. Cikin 'yan kwanaki matasa suka tara kuɗi, suka samar da lauyoyi da likitoci da abinci, har babban sufeton 'yan sanda ya sanar da rushe rundunar SARS ranar 11 ga wata. Da aka toshe asusun banki suka koma Bitcoin. Sai dai sun yi alfahari da cewa ba su da shugaba, don haka bayan harbin da sojoji suka yi a Lekki da ke Legas ranar 20 ga Oktoba babu wanda ke da ikon cewa ga mataki na gaba.

Haka kuma saƙon bai ratsa Arewa kamar yadda ya ratsa Legas ba. Matashin da ake tsarewa a hanya saboda wayarsa ko sumarsa ya ji kiran a jikinsa. Manomin Zamfara ko Katsina da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona kukansa shi ne babu jami'in tsaro ko ɗaya a kusa, shi ya sa matasan Arewa da suka fito a makonnin suka ɗaga batun rashin tsaro. Haƙƙin rayuwa ɗaya ne ɓangarorin biyu ke nema daga hukuma ɗaya, amma ba a samu masu ɗinke koken biyu su zama magana ɗaya ba, kuma wannan babbar asara ce ga kowannensu.

Abin da ya ci gaba bayan tituna sun watse shi ne aikin masu haƙurin bin takarda. Kwamitin bincike na jihar Legas ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya saurari shaidu na tsawon shekara guda, ya miƙa rahotonsa a Nuwamba 2021 yana tabbatar da cewa an kashe masu zanga-zanga a Lekki, gwamnatin jihar kuma ta ƙi amincewa da wannan ɓangare na rahoton. Uku daga cikin waɗanda suke wurin a daren suka garzaya kotun ECOWAS, wadda a Yuli 2024 ta yanke hukuncin cewa gwamnatin Nijeriya ta take haƙƙinsu, ta umarce ta da ta biya su diyya, ta kuma binciki waɗanda ke da hannu ta gurfanar da su.