Da Wane Mudu Ake Auna Ƙarfin Daula?

Sau da yawa ɗalibai kan yi gardama a kan wane sarki ya fi ƙarfi a tarihin Kano. Masana tarihi ba sa yanke hukunci da kirarin maroƙa. Suna da ma'aunai, kuma da su suke auna daulolin ƙasar Sin da namu baki ɗaya.

Ma'auni na farko shi ne yawan jama'a. Daular Han ta Sin ta yi ƙidaya a shekara ta 2 Miladiyya, ta sami mutum fiye da miliyan 57. Abin lura a nan shi ne, hukumar da ta iya ƙidaya talakawanta gida-gida, to, ikonta ya kai har ƙauye. A Kano kuwa ana dogara ne da ƙiyasin matafiya, kamar Bajamushen nan Barth, wanda ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000.

Na biyu, manyan ayyuka. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma ya faɗaɗa ta, shaida ce ta iya tara ma'aikata da ciyar da su. Amma babban aiki yakan cinye mai shi. Daular Sui ta haƙa babbar hanyar ruwa da ta haɗa kogunan Huang He da Yangtze daga 605, sai aikin tilas da yaƙe-yaƙe suka jawo tawaye, ta faɗi a 618. Daular Tang ce ta ci moriyar aikin. Manomin Kura ko Bunkure da ke ban-ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya san haƙa magudana daban, yashe ta kowace shekara daban.

Na uku, tasiri a wajen iyaka. Kamar yadda silikin Sin ya kai Rum ba tare da runduna ba, haka baƙin rawani ɗan Kura ya fita daga karofi ya kai ga Buzaye a Agadas. Inda mashi bai kai ba, fatauci ya kai.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne auna majiyar labarin kanta. A Sin, sabuwar daula ce takan rubuta tarihin wadda ta gada, don haka sarkin ƙarshe yakan fito a matsayin azzalumi. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, an rubuta shi ne bayan Jihadi, shekarunsa kuma, irin su 999 na Bagauda, an lissafo su ne daga tsawon sarautu. Saboda haka masana kan gwada shi da Waƙar Bagauda da kufan maƙera na Dala.

Ga aiki ga malamai: a sa ɗalibai su auna Rumfa da Ibrahim Dabo da waɗannan ma'aunai huɗu, kowa ya kawo hujjarsa.