Kulkin besbol: icce ɗaya, farashi daban-daban

Jama'a, ku da kuke wuni da tiya da sikeli a hannu, ga wata haja da sai an auna ta kafin a yi ciniki. A Amurka akwai wasan da ake kira besbol, inda ɗan wasa ke bugun ƙaramin ƙwallo da kulkin icce mai kama da ƴar tabarya. Tsofaffin kulaken manyan ƴan wasa sun zama dukiya. A 2023 an sayar da ɗaya na Babe Ruth, wanda ya yi wasa da shi wajajen 1920, a kan dalar Amurka miliyan 1,85, wato sama da miliyar ɗaya na sefa. Kuɗin icce guda ke nan!

Dokar wasan ta ce kada kulki ya wuce santimita 106,7 a tsawo, kaurinsa kuma kada ya wuce santimita 6,6. A cikin wannan iyaka kowa da irin nasa. Ruth ƙato ne, kulkin nan nasa ya haura kilo ɗaya da giram 200. Ƴan wasan yau sun fi son mai sauƙi, kamar santimita 86 da giram 900, saboda sauri ya fi musu nauyi amfani.

Kamfanin Hillerich & Bradsby na birnin Luwibil, mai sassaƙa kulaken Louisville Slugger, yana ba kowane samfuri lamba: harafin farko na sunan wanda aka fara yi wa, sannan adadi. C271 na José Cardenal ne, amma Ken Griffey Jr. ya yi suna da shi. P72 an yi shi ne don Les Pinkham, wanda bai taɓa kaiwa babban rukuni ba, sai ga Derek Jeter ya riƙe shi har ya bar wasa a 2014. Ashe lamba kaɗai ba ta nuna mai kulki.

To a nan ne ake cutar masu saye. Kamfanin yana sayar wa kowa kulaken kanti masu ɗauke da sa hannun ƴan wasa, kuma a ido suna kama da na gaske. Abin da ke raba gardama shi ne littafin kamfanin, inda aka rubuta odar kowane ɗan wasa: rana, samfuri, tsawo da nauyi. Masani zai auna kulkin, ya duba littafi, ya kwatanta zanen iccen da tsofaffin hotuna. Nauyi kan ɗan ragu idan icce ya bushe, amma tsawo ba ya canzawa.

Ga wata dabara da ta burge ni. Ruth ya bar wasa a 1935, buga lambar samfuri a gindin kulki kuwa sai wajajen 1943 aka fara. Duk dillalin da ya nuna maka kulki mai lamba R43, yana rantsuwa Ruth ya buga ƙwallo da shi a gasa, maida kuɗinka aljihu.