Exocet da Tofido: Wanne Ya Raba Gardama a Yaƙin Fokland?

Zariya ba ta da teku, amma garin sojoji ne. Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Depot, ga kuma Makarantar Soja ta yara da aka kafa a 1954. Shi ya sa labarin yaƙi bai taɓa zama baƙo a majalisun cikin birni ba, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Waɗanda suka mallaki hankalinsu a 1982 za su tuna yadda aka riƙa kasa kunne ga rediyo ana bin faɗan Birtaniya da Ajantina kan tsibiran Fokland, daga 2 ga Afrilu zuwa 14 ga Yuni. Makamai biyu ne suka yi fice a wannan faɗa, kuma ya dace a ɗora su a sikeli.

Na farko shi ne Exocet, makami mai linzami ƙirar Faransa. Jirgin sama ke sakinsa daga nisan kilomita masu yawa, ya riƙa shafar fuskar ruwa yadda na'urar hango abokan gaba ba ta ganinsa sai ya ƙarato. Ranar 4 ga Mayu jiragen Super Étendard biyu na Ajantina suka harba guda biyu, ɗaya ya huda jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Sheffield ta gefen dama. Ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara, baƙin hayaƙi ya turnuƙe lungunan jirgin, ma'aikata suka yi ta fama da wuta na sa'o'i kafin suka haƙura suka fice. Mutum 20 suka mutu, jirgin ya nutse ranar 10 ga wata ana cikin jansa. Ranar 25 ga Mayu kuma Exocet ya ƙone jirgin dakon kaya Atlantic Conveyor tare da jirage masu saukar ungulu da ke cikinsa. Wannan asara ta sa sojojin Birtaniya da yawa suka ratsa tsibirin a ƙafa cikin sanyi, da kaya niƙi-niƙi a baya.

Na biyu shi ne tofido samfurin Mark 8, bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa, wanda asalin ƙirarsa ta shekarun 1920 ce. Ba ya bin sawun abin da aka auna, inda aka saita shi nan yake miƙewa. Ranar 2 ga Mayu jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya mai suna Conqueror, bayan ya kwana yana bin jirgin yaƙin Ajantina General Belgrano a ɓoye, ya matso ƙasa da kilomita biyu ya saki guda uku. Kwamandansa, Chris Wreford-Brown, yana da sabon tofido na zamani mai suna Tigerfish, amma ya zaɓi tsohon domin shi ya fi amincewa da shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Biyu suka samu Belgrano, ɗaya ya datse goshinsa, ɗaya ya tarwatsa cikinsa ya kashe wutar lantarki. Mutum 323 suka halaka, kusan rabin sojoji 649 da Ajantina ta rasa a duk yaƙin.

Idan suna ake magana, Exocet ya yi zarra. Ya sa rundunonin ruwa na duniya suka sake duba kariyar jiragensu, ya kuma tilasta wa Birtaniya ta ja manyan jiragenta masu dakon jiragen sama can gabas, nesa da gaɓar Ajantina. Amma idan sakamako ake nema, tofido ne ya yi aikin. Bayan nutsewar Belgrano manyan jiragen ruwan Ajantina, har da mai dakon jiragen sama Veinticinco de Mayo, suka koma kusa da gida, ba su sake fitowa fagen daga ba. Hari guda ya fitar da runduna sukutum daga yaƙi.

Bambancin yana ga abin da ke bayan kowane makami. Exocet na harbawa daga sama guda biyar kacal Ajantina ta karɓa kafin Faransa ta dakatar da sayar mata. Kowane harbi yana rage mata ƙarfi, ta nemi ƙari a kasuwannin duniya ba ta samu ba, zuwa ƙarshen Mayu sun ƙare. Kayan aro ba ya rufe katara. Shi kuwa tofido, ko da yake tsoho ne, a gida aka ƙera shi, jirgin nukiliyar da ya ɗauko shi ma a Birkenhead ta Ingila aka gina shi, ga ma'aikata da suka san halinsa ciki da bai.

Mutanen Zazzau sun san wannan hikima. Ganuwar da ta kewaye birnin da ƙasar wurin aka gina ta, a da in damina ta zaizaye wani sashe, hannun 'yan gari ne ke gyarawa, ba a jiran wani daga nesa.

Batun ya shafe mu kai tsaye. A farkon shekarun 1980 Najeriya ma ta sayo jiragen yaƙi uku daga Faransa, Siri da Ayam da Ekun, ɗauke da Exocet. Sayen ba laifi ba ne, domin babu ƙasar da ke ƙera duk abin da take buƙata. Sai dai ƙasar da ke da masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, wadda ta ƙera jirgin sintiri Andoni a Legas a 2012, ga injiniyoyi da Jami'ar Ahmadu Bello ke yayewa kowace shekara, ya kamata duk makamin da za ta saya ta haɗa da ilimin gyaransa da ƙera kayan maye gurbinsa. Ranar da yaƙi ya ɓarke, mai sayarwa yana da nasa abokan da zai duba, kamar yadda Faransa ta duba Birtaniya.