Azurfar da ke cikin safa: ina takan tafi bayan wanki?

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani saurayi daga cikin mawaƙan ikilisiyarmu ya fito da sabuwar safa da ya sayo a Legas yana nuna wa abokansa. An rubuta a jikin ledar cewa akwai azurfa a cikin zaren, wai ko an kwana uku ana sa ta ba za ta yi wari ba. Sai wata dattijuwa daga Zumuntar Mata ta leƙo ta ce, "To ɗana, in ka wanke ta, azurfar ta bi ruwa ke nan?" Aka yi dariya. Ni dai na tafi gida da tambayar Mama, gama ita ce ainihin tambayar da masana suka yi shekaru suna bi.

Azurfar da ake magana ba irin wadda ido ke gani ba ce. Ana ƙera ta ne ƙwayoyi mitsi-mitsi da ake aunawa da nanomita, wato in an raba mita ɗaya kashi miliyan dubu, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 80,000, su kuwa waɗannan ƙwayoyi ba su wuce 100 ba. Dalilin ƙanƙanta su haka duk mai girki ta san shi: dunƙulen kanwa yakan daɗe cikin ruwa bai narke ba, amma in an daka ta, nan da nan ta bi ruwa. Haka azurfa. In ta yi laushi ƙwarai sai ta riƙa sakin kanta kaɗan-kaɗan cikin danshi, tana kashe ƙwayoyin cutar da ke sa gumi wari.

Wannan hali nata an daɗe da saninsa. Tun 1881 aka fara ɗiga wa jarirai ruwan maganin azurfa a ido don hana makanta, har yau kuma farin man da ake shafa wa mai ƙuna a asibiti da azurfa a ciki. Abin da yake sabo shi ne sa ta cikin safa, da singileti, da injin wanki, kayan da ake wankewa kullum a zubar da ruwan.

A 2008 masana biyu a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka, Troy Benn da Paul Westerhoff, suka sayi safa iri shida, suka yi ta jiƙa su suna auna ruwan. Wasu ba su saki kome ba, wasu suna saki a hankali, wasu kuwa cikin 'yan wanki kaɗan kusan duk azurfarsu ta fice. Ashe Mama ta yi gaskiya. Mai safa ya biya kuɗi, amma rafi ne ya sami azurfar.

Damuwar ita ce azurfa ba ta san maƙiyi ba, ba ta san aboki ba. Yadda take kashe ƙwayar cuta a ƙafa, haka take kashe ƙananan halittu masu amfani da ke ruɓar da taki su mai da shi abincin shuka. Ga kifi kuwa, narkakkiyar azurfa tana cikin ƙarafa mafiya dafi, domin tana ɓata gaɓar da yake numfashi da ita.

Amma akwai labari mai kwantar da rai, dole mu faɗe shi. Duk macen da ke da warwaron azurfa ta ga yadda yakan yi baƙi in ya daɗe. Farar wuta ce da ke cikin iska take haɗuwa da shi. Ruwan ƙazanta kuwa cike yake da farar wuta, ita ce ma ke ba shi warin ruɓaɓɓen ƙwai. Masanan cibiyar Eawag ta ƙasar Suwizalan sun gano cewa a tashar tace ruwan ƙazanta ƙwayoyin nan sukan yi wannan baƙi da sauri, dafinsu ya ragu ƙwarai, kuma wajen kashi 95 cikin 100 sukan maƙale a lakar da ake kwashewa. Su mutanen Suwizalan ƙona lakar suke yi. A Amurka kuwa kimanin rabinta gona ake kai wa a matsayin taki. A 2013 masanan Jami'ar Duke suka gwada irin wannan laka mai ɗan azurfa a kan ƙasa, sai girman wata ciyawa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙananan halittun ƙasar ma suka ragu. Dafin ya yi sauƙi, amma ƙarfe ba ya ruɓewa. Inda aka zuba shi nan yake.

'Yan'uwa, a nan ne maganar ta shafe mu. Duk wannan lissafi na garuruwa ne masu tashar tace ruwa. A yawancin garuruwanmu ruwan wanki daga tsakar gida sai kwata, daga kwata sai rafi. A Kano ruwan unguwanni yana gangarawa rafin Jakara, masu lambu kuma suna jan sa su ba latas da alayyafo da karas. Babu mai kwashe laka ya ƙone. Da yawa daga masu bi da ke zama tare da mu a benci ɗaya da noman rani suke biyan kuɗin makarantar yara. Littafin Farawa, sura 2, ya nuna aiki biyu aka danƙa wa Adamu a gonar Aidan, nomanta da kuma kiyaye ta. Mun riƙe na farkon da kyau, na biyun ne ba mu cika yin wa'azi a kansa ba.

Kada dai wani ya tashi hankalin jama'a. Abin da ke kashe 'ya'yanmu ta hanyar ruwa a yau shi ne amai da gudawa, ga kuma dattin masana'antun jima da ke shiga kogin Challawa. In an ɗora azurfar safa a kan sikeli da waɗannan, ba ta kai ko kusa ba. Sai dai su waɗancan an bar su ne tun suna ƙanana har suka fi ƙarfinmu.

A ganina akwai bambanci tsakanin buƙata da ƙawa. Wanda wuta ta ƙone, a shafa masa man azurfa yadda ma'aikacin asibiti ya umarta, babu ja a nan. Amma warin ƙafa, sabulu da rana sun ishe shi. Haka na gaya wa saurayin nan da muka haɗu ranar Laraba wajen nazarin Littafi Mai Tsarki. Ya ce ai ya riga ya wanke safar sau biyar, kuma ta fara wari kamar sauran.