Ghana Da Harajin VAT: Kuɗin Da Mai Saye Ke Biya Ba Tare Da Ya Gani Ba

A watan Maris na 1995 ne gwamnatin Shugaba Jerry Rawlings ta ƙaddamar da harajin kayan masarufi da ake kira VAT, a kan kashi 17.5 cikin ɗari, domin maye gurbin harajin ciniki na kashi 15. Hujjar ministan kuɗi, Dokta Kwesi Botchwey, ita ce baitulmali na fama da giɓi, kuma mafi yawan 'yan ƙasar ba masu albashi ba ne, balle a yanke musu haraji a ƙarshen wata. Amma kowa na sayen sabulu da sukari.

To sai dai talakawa ba su ga ta haka ba. Farashi ya tashi a Makola da kasuwannin zango irin su Nima, inda ƙananan 'yan kasuwa da ba su da rajista suka ƙara kuɗin kaya, tunda su ma da tsada suka saro. Ranar 11 ga watan Mayu dubban mutane suka fito titunan Accra a zanga-zangar Kume Preko, wato "ka kashe ni gaba ɗaya" a harshen Twi. Aƙalla mutum huɗu suka rasa rayukansu. A watan Yuni gwamnati ta janye harajin, kuma ba a jima ba Botchwey ya ajiye aiki.

'Yan adawa na cewa ba ƙarancin haraji ne ciwon ba, facaka ce, musamman ƙarin albashin da aka yi gab da zaɓen 1992. Akwai gaskiya a maganar, ko da yake ba ta hana harajin dawowa ba. A ƙarshen 1998 aka maido da shi a kan kashi 10, bayan dogon wayar da kai.

Daga nan ne salon ya sauya. Maimakon ƙari a fili, sai aka riƙa liƙa masa 'ya'ya: kashi 2.5 domin asusun ilimi a 2000, wani kashi 2.5 na inshorar lafiya a 2004, sai kashi 1 na korona a 2021. Wane ne zai fito titi yana adawa da makaranta ko asibiti? A 2018 an raba harajin ilimi da na lafiya daga VAT, ta yadda kamfani ba zai iya cire abin da ya riga ya biya ba. Kuɗin ya riƙa narkewa cikin farashi tun daga masana'anta, mai saye kuwa bai riƙa ganinsa duka a rasit ba.

Abin mamaki, Nana Akufo-Addo, ɗaya daga cikin jagororin Kume Preko, shi ne shugaban da gwamnatinsa ta ɗora harajin kashi 1.5 kan aika kuɗi ta waya a 2022, bayan muhawarar da ta kai 'yan majalisa ga dambe. A shekarar ce ake ta ce-ce-ku-ce kan miliyoyin dalolin da aka zuba a ginin babbar majami'ar ƙasa da bai wuce tushe ba, kuma a watan Disamba Ghana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje. Shugaba John Mahama ya soke harajin wayar a Afrilun 2025.