Manjagarar Tarakta: A Auna Gona Kafin a Sayi Ƙarfe

Duk ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwar da ya mallaki ƙaramar tarakta a yankin Madarumfa, bayan garma, abin da ya fi sa wa ido shi ne manjagarar da ake ɗaura wa injin ta baya, wadda ke tattara ciyawa da saiwoyi, ta farfasa hoge, ta baje ƙasa. Mai saye yakan nufi wadda ta fi faɗi, da tunanin za ta fi cin aiki. Wannan lissafi yana jawo asara. Abubuwa uku ne ya kamata su yanke girman manjagara: ƙarfin injin, irin ƙasar, da fasalin gonar.

A fara da injin. Ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 20 zuwa 35, faɗinta daga bakin tayar baya zuwa bakin ɗaya yakan kama mita 1.2 zuwa 1.5. Dole manjagara ta ɗara wannan da kaɗan, don ta shafe sawun tayoyin, in ba haka ba sai a bar layi biyu na dannanniyar ƙasa a kowane zagaye. Kuma idan aka karkata ta don ta tura shara gefe guda, faɗin aikinta yana raguwa: mai mita 1.8, in an juya ta da digiri 30, abin da take sharewa bai kai mita 1.6 ba. Shi ya sa mai mita 1.5 zuwa 1.8 ta fi dacewa da irin wannan inji. Wadda ta zarce haka sosai takan rinjayi hannayen ɗagawa, gaban tarakta ya yi sakayau, sitiyari ya ƙi jin magana, tayoyi su yi ta juyawa wuri ɗaya suna ƙona man gazuwal.

Sai ƙasa, wadda a Madarumfa iri biyu ce. Laka ta fadamar Gulbin Maraɗi da bakin tafki nauyi gare ta, tana cika tsakanin haƙoran manjagara, jan ya ninka, har haƙoran su lanƙwashe. Can mai matsakaicin faɗi da kaurin ƙarfe ake so. Jigawa kuwa ba ta wahalar da inji, amma ita ce ta fi cutuwa. Karan gero da ganyen da aka bari a kanta su ne ke tare iska, su riƙe danshi, gara ta mayar da su taki. Manjagarar da ta share ta ƙarƙaf ta miƙa ta ga guguwar farkon damina, wadda ke binne sabon tsiro da yashi.

Fasalin gona ma ba abin rainawa ba ne. Gado ya rarraba filaye, kuma a fadamar noman rani ta Jiratawa kowane manomi ɗan yanki ne gare shi tsakanin magudanan ruwa. Ga kuma itatuwa: tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka soma yaɗa dabarar renon tohon kututture maimakon sare shi, gonaki suka cika da gawo da kalgo da sabara. Ƙarfe mai faɗin gaske ba ya ratsa tsakaninsu ba tare da ya karya toho ba.

Mai ba da hayar tarakta zai ce lokaci gajere ne, masu jira da yawa, don haka mai faɗi ta fi. Hujjarsa tana da ƙarfi: a gudun kilomita 5 cikin awa, mai mita 2.4 za ta share hekta 1.2 a awa ɗaya, mai mita 1.5 kuwa hekta 0.75. Sai dai wannan lissafin miƙaƙƙen fili ne marar itace. A ƙaramar gona, juyawa da ja da baya da tsayawa kakkaɓe shara su ke cinye lokacin, kuma ƙaramin inji ba ya riƙe wannan gudu da babban kaya. In wani abu ya karye a tsakiyar aiki, kwanakin da za a yi wajen mai walda sun fi lokacin da aka so a tsira da shi.

Daidai ruwa, daidai tsaki. Kafin a biya kuɗi, a ɗauki magwaji a auna tayoyin baya, a duba nauyin da littafin injin ya ce hannayensa za su ɗaga, a zaga gonakin da za a yi wa aiki a ga mafi ƙuncin mashiga. Ƙungiyoyin manoma da malaman gona su mayar da wannan awo sharaɗin saye, domin kuɗin jama'a ne, ƙasar kuma ta ƴaƴansu ce.